Ƙugiyar da Ba Ta Ga Wuta Ba

Idan ka ratsa unguwarmu a Daura da safe ka ji ana dukan ƙarfe kamar an yi masa laifi, to Sada ne. Taubashina ne, babansa da innata ciki ɗaya suka fito, kuma katanga ɗaya ce ta raba gidana da maƙerarsu. Tun muna yara yake cewa ni baiwarsa ce, ni kuma ina ce masa ko kyauta aka ba ni shi ba zan karɓa ba, don sabulun wanke shi kaɗai zai talauta ni. Har yau da muka yi furfura ba mu sasanta wannan magana ba. Kullum da safe nakan ɗauki kaskona in je in ɗebi garwashi a wurinsa in hura murhuna, in zage shi, ya rama, in dawo gida.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, girarsa duk wuta ta cinye. Ba shi da yawan magana. Fartanya da garma da lauje da gatari yake ƙerawa, kuma manoman Baure da na Sandamu sun san hannunsa. Amma abin da aka fi saninsa da shi a unguwa wata ɗabi'a ce da ke ba mutane dariya: Sada ba ya dukan ƙarfe da sanyi. Ko ƙusa ce ta lanƙwashe, ko mariƙin bokiti ya karkace, abin da kowa zai ɗora a dutse ya buga sau ɗaya ya wuce, shi sai ya zauna ya ja zugazugi, ya jira ƙarfen ya yi ja, sannan ya taɓa shi. Na taɓa kai masa cokalina da ya tanƙware, ya ƙona min gawayin da zai dafa tuwon gida guda. Masu walda na bakin titi suna kiransa tsohon yayi. Ba su san inda abin ya samo asali ba. Ni ma da nake maƙwabciyarsa na daɗe ban sani ba.

Babansa, Kawu Usman, shi ya koya masa ƙira, kuma ina jin su ta kan katanga. Kawu yakan ɗauko guntun waya ya ba shi ya ce ya lanƙwasa, ya miƙar, ya sake lanƙwasawa. Tun wayar tana bin hannu har ta fara gardama, wurin lanƙwasar ya yi tauri ya ɗauki ɗumi, can sai ta ɓalle gida biyu.

"Ka gani?" in ji Kawu. "Da ta yi tauri ka ɗauka ƙarfi ta ƙara. Ƙarfen da ya sha wuta, in nauyi ya fi ƙarfinsa sai ya miƙe, ya sirance, ka gani da idonka ka sauke kayanka. Wanda ka daka da sanyi ba ya gaya maka komai. Yana nan kamar lafiya lau, ranar da aka ja shi sai ka ji ƙas."

Sada ya ji wannan magana har ta ishe shi. Ba rashin sani ne ya kai shi ga abin da ya yi ba, kuma wannan shi ne abin da ya fi cin sa.

Amininsa tun na ƙuruciya shi ne Kabiru, mahaƙin rijiya. Dogo ne siriri mai baki kamar rediyo, yana can ƙasan rami ma ana jin waƙarsa a sama. Ba ya kiran Sada da sunansa, sai dai Gindin Tukunya, saboda baƙinsa. Duk kayan aikin Kabiru, daga diga har ƙugiyar da ake saukar da shi rijiya da ita, Sada ne ya ƙera. Mai riƙe wa Kabiru igiya kuwa ƙaninsa ne, Auta, wanda a lokacin ya yi aure har da 'ya ɗaya. Auta gwanin ƙulli ne. In za a ɗaure kaya a mota, ko a kayar da bijimin da ya gagara, shi ake nema. Kabiru yakan bugi ƙirji ya ce muddin Auta ne a bakin rijiya, shi ko barci zai iya yi a kan igiya.

Kawu Usman ya rasu a ƙarshen wata bazara, hadari ya fara haɗuwa amma ruwa bai sauka ba. A gidansu akwai al'adar da suka gada: in babban maƙeri ya rasu, sai a kashe wutar maƙera, a kwashe tokar, a kife zugazugi, ba a sake hurawa sai an yi sadakar bakwai. Ba a jin ƙarar masaba a gidan. Malamai sun sha cewa wannan ba addini ba ne, su kuma suka ce sun ji, amma haka suka tarar.

Ana cikin zaman makoki Kabiru ya zo gaisuwa, kamar yadda yake zuwa kullum. Da zai tashi sai ƙugiyar ta leƙo daga aljihunsa. Ƙugiya ce ta tsohon rodi, irin wanda ake cirowa daga rusasshen gini, ƙasanta a lanƙwashe inda ake rataya sandar da mahaƙi ke zama a kai, samanta kuma an naɗe shi zobe inda ake ɗaura igiya. Sada ya tambaye shi ina za shi da ita. Kabiru ya ce zoben ne ya ɗan buɗe baki, kuma yana da aiki a wani ƙauye a hanyar Sandamu da yake so ya gama kafin ruwa ya sauka, don haka zai biya ta kasuwa ya ba wani maƙeri ya matse masa.

"Wani maƙeri?" in ji Sada. "Ina raye?"

"Haba Gindin Tukunya, ai wutarku a kashe take."

"Kawo nan."

Ina bayan gida a lokacin, wurin manyan tukwane, muna tuƙa tuwon baƙi. Na ga Sada ya zagayo ya tsuguna kusa da turmi, ya naɗe wani abu a tsumma ya ɗora kan dutse, yana bugawa a hankali don kada masu zaman makoki su ji. Na ce masa ko goro yake fasawa a ɓoye don kada ya ba baiwarsa. Bai kula ni ba, ni ma na koma kan muciyata.

Sai daga baya ya gaya min yadda aka yi. Bugun farko ya wuce kima, zoben ya matse har igiya ba za ta shiga ba. Ya sa ƙarfe ya buɗe shi. Ya buɗe da yawa. Ya sake matsewa. Ya ce a hannunsa ya ji lokacin da rodin ya daina bin masaba ya fara turjiya, daidai irin turjiyar wayar nan ta Kawu. Ya sani sarai. Amma zoben ya zauna da kyau, ba tsaga, ba alamar komai. Ya ce a ransa, da an hura wuta zai karɓo ta ya gasa ta ta huce. Bai gaya wa Kabiru ba, don faɗar haka tamkar cewa ne ya taka al'adar gidansu kuma ya taka koyarwar babansa, alhali ƙasar kabarin ba ta bushe ba. Ya miƙa masa ƙugiya, Kabiru ya jinjina ta ya ce ta fi sabuwa.

Ba a kai ga sadakar bakwai ba labari ya zo. Da azahar ne, ana jawo Kabiru daga rijiya don ya yi salla, Auta a gaba, mutanen ƙauye na bayansa suna taya shi ja. Ya yi nisa da tahowa sai igiya ta yi sakayau, masu ja suka zube ta baya. Da suka jawo ta, bakinta kawai ya fito, ba ƙugiya, ba ƙulli. Kabiru ya faɗa kan duwatsun da ya tara a ƙasa. An fito da shi da rai, an kai shi asibiti, an yi na Turawa an yi na gida, amma bayansa ya taɓu, ƙafafunsa ba su sake ɗaukarsa ba. Ƙugiyar kuwa ta nutse cikin laka, damina ta sauka, wasu suka ƙarasa rijiyar, ruwa ya rufe ta.

Igiya ta fito ba ƙulli, to me mutane za su ce? Ƙulli ne ya kwance. Ba wanda ya yi gardama, har shi Auta. Waɗanda suke asibitin sun ce da Kabiru ya farfaɗo, tambaya ɗaya ya yi.

"Auta, kai ka ɗaure?"

"Ni ne, Yaya."

Sai ya juya fuskarsa bango. Bai zage shi ba, bai yi masa baki ba, amma bai sake kiran sunansa ba. Kafin kaka Auta ya kwashe matarsa da 'yarsa ya koma Zango.

Sada yana kan tabarmar makoki aka gaya masa. Ya tashi ya zagaya bayan gida ya yi ta amai. Muka ce abin ne ya haɗu masa, ga rashin uba ga na amini. Shi kuwa tun a wannan lokacin ya san irin ƙullin da Auta ke yi a zobe: zoben ne ke riƙe da shi, in zoben ya ɓalle ƙullin warwarewa yake da kansa. Amma bai gani da idonsa ba. Wataƙila dai ƙullin ne. A cikin wannan wataƙila ya shimfiɗa tabarma ya zauna shekara da shekaru.

Abin da ya yi wa Kabiru bayan haka, ko ɗan'uwa na jini sai haka. Shi ya haɗa masa keken guragu, ya yi ta kai da kawowa wurin mai walda har ya zauna daidai jikinsa. Shi ya koya masa sassaƙar ƙota, ya ce duk fartanyar da ta fita daga maƙerarsa da ƙotar Kabiru za ta fita, don kada ya zauna yana jiran a ba shi. Ya share masa wuri a inuwar maƙera ya shimfiɗa masa tabarma. Akwai yashi a ƙofar maƙerar inda keken ke cijewa, to kullum da ya ji ƙarar keken sai ya ajiye masaba, ko da ƙarfe na wuta, ya fita ya turo shi. Da sannu bakin Kabiru ya dawo, waƙa ta dawo, Gindin Tukunya ya dawo. Sunan Auta ne kawai bai dawo ba. In dole ta sa, sai ya ce mutumin Zango.

Unguwa ta ɗauki yabon Sada. In ana faɗa tsakanin abokai sai a ce su je su ga Sada da Kabiru. Duk lokacin da aka yabe shi a gabansa sai ya yi fuska kamar wanda ya kurɓi koko da zafi a gaban surukai. Ni kuwa na samu abin tsokana, na sa masa Waliyyin Maƙera. Duk zagin da nake masa yana ramawa, wannan kaɗai ne ba ya ramawa, sai ya sunkuyar da kai ya ja zugazugi. A wannan lokacin ne kuma ya daina taɓa ƙarfe da sanyi.

A tsakanin nan mahaifiyarsu Kabiru ta rasu. Auta ya zo jana'iza, ya tsaya a sahun baya, ya yi kwanakin makoki a zauren maƙwabta, ya koma. Tsohuwar ta yi ta ƙoƙarin haɗa su tana da rai, amma ita ma in ta zo ƙarshen magana sai ta ce, "Yaro ne ya yi ganganci, ka yafe masa." Da wannan ta tafi.

Bara ne famfon burtsatsen ƙauyen nan da Kabiru ya faɗa rijiya ya lalace, mutane suka koma wa tsohuwar rijiya, suka tarar ta cushe, suka sa aka yashe ta. Abin da ake fitarwa daga rijiya kuwa ba kaɗan ba ne: gugar da ta tsinke, kwanoni, gwangwanaye, guntayen ƙarafa. Wani ɗan gwangwan ya saye su, ya zagayo da buhunsa wurin Sada kamar yadda ya saba, don maƙera na zaɓar abin da za su iya sarrafawa.

Da safe ne, na zo ɗiban wuta, Kabiru bai iso ba tukuna. Sada ya zazzage buhun yana tonawa da ƙafa, ina ce masa ya duba ko zai samu sabuwar fuska a ciki. Sai na ga ya tsaya. Ya sunkuya ya ɗauko wani abu da tsatsa ta cinye, ya goge a gwiwar wandonsa. Maƙeri ya san aikin hannunsa ko a cikin dubu. Ƙugiya ce, zobenta ya ɓalle, rabinsa babu. Wurin karayar a shafe yake kamar an karya alli, bai miƙe ba, bai sirance ba ko kaɗan.

Ya sallami ɗan gwangwan. Ya kama ƙugiyar da awartaki ya nufi wuta da ita. Ba abin da ya fi wannan sauƙi. Ta yi ja, ya buga ta, kafin Kabiru ya iso ta zama bakin lauje, duniya ba mai sani. Ya riƙe ta a saman garwashi, hannunsa ɗaya a kan zugazugi, bai ja ba, bai kuma sauke ta ba.

"Kai lafiya?" na ce. "Ko ita ma sai ka yi mata addu'a?"

"Dije," ya ce, don haka yake kirana in ba wasa yake ba. "Kin tuna ranar da kika ce goro nake fasawa?"

Ya ajiye awartaki ya gaya min komai, a tsaye, yana kallon ƙasa. Ni mai saurin fushi ce, kowa ya sani, amma ranar sai da na rasa ta inda zan fara.

"Wato duk turin keken nan," na ce, "duk tabarmar nan, kana yi ne yaron mutane na can Zango yana ɗauke da kayanka?"

"Ban tabbatar ba sai yau."

"Ƙarya kake, Sada. Wallahi ƙarya kake. Wanda bai tabbatar ba ba ya hura wuta don cokali."

Bai musa ba. Can ya ce, "In na faɗa, na rasa Kabiru."

"Shi Kabirun bai rasa kowa ba? Auta fa?"

Muka ji ƙarar keke a waje. Ya cusa ƙugiyar a cikin jinkar maƙera, ya fita ya turo amininsa ta kan yashi, ina jin Kabiru yana tambayarsa ko daren jiya a cikin tukunyar ya kwana. Na ɗauki kaskona ba wuta na koma gida.

Ban tona shi ba, don ba bakina ya kamata maganar ta fito ba. Amma na daina zuwa ɗiban wuta. Na sayi ashana, ina fama da ɗanyen itace da hayaƙi, idona na hawaye, shi kuma yana jin tarina ta kan katanga. Ya gane abin da nake nufi. Ta kan katangar nan kuma nake jin masabarsa, ta rasa kaifinta, yana bugu kamar mai ciwon hannu. Rannan da hantsi ya yi sallama a ƙofata, ya sa rigarsa ta Juma'a, aljihun ya yi nauyi gefe guda.

"Dije, raka ni Zango. In ni kaɗai ne, a hanya zan sauka."

Muka shiga motar haya, aka matse mu da buhunan gero. A Zango Auta injin niƙa yake tsaro a bakin kasuwa. Na fara shiga gidansa na gaisa da matarsa, Fadila. Muna hira na ga akuyarsu ta kwance tana ɓarna, ta tashi ta ɗaure ta tana mita.

"Komai ni ce, Inna Dije," ta ce. "Tun da muka zo garin nan Malam bai ƙulla ko zare ba. Akuya ni, buhu ni, ragon layya ni. A wurin injin ma, mai niƙa shi ke ɗaure bakin buhunsa. Wandonsa kuwa duk na cire mazagi na sa roba."

Sai na ce ta ba ni ruwa.

Muka same shi a wurin injin, gari ya yi masa fari fat har gashin ido. Ya rame, ya tsufa fiye da shekarunsa. Da ya gan mu ya kashe injin da sauri, ya durƙusa ya gaishe mu, idonsa a kan bakin Sada.

"Yaya Sada, lafiya? Ko Yaya ne?"

"Kabiru lafiyarsa lau."

Sada ya fito da ƙugiyar ya ɗora kan buhu. Ya faɗi abin da ya yi tun daga tsumma da dutse, bai rage ba. Auta ya saurara har ƙarshe, sannan ya girgiza kai.

"Allah ya saka da alheri, Yaya Sada. Na san don ka sanyaya min rai ka zo. Amma ni na san abin da na yi. Ina tunawa. Hannuna da gumi, ina sauri, ban ja bakin igiyar ya zauna ba. Kullum sai na gan shi."

Mutum ya zauna da laifin da ba nasa ba har ya ƙera masa hoto a kansa.

"Ba ka tuna komai ba," in ji Sada. "Dije, miƙo igiyar can."

Na ciro wata igiya daga jikin rumfa. Sada ya toshe ɓallen zoben da babban yatsansa ya miƙa wa Auta ya ce ya ɗaura yadda ya saba. Auta ya mai da hannuwansa baya.

"Ba na yi."

"Don Allah, Auta. Sau ɗaya."

Da ƙyar ya karɓa. Amma da igiyar ta taɓa yatsunsa sai suka yi abinsu ba tare da shawararsa ba, ƙulli ya zauna daram, irin wanda ake kiransa dominsa a da. Sada ya ce ya ja. Ya ja, bai motsa ba. Sai Sada ya janye yatsansa. Igiyar ta zame ta ɓallen, ƙullin ya warware da kansa, bakinta ya faɗo a hannun Auta a miƙe, kamar ba a taɓa ɗaura ta ba.

Auta ya kalli bakin igiyar nan. Shi ne abin da ya jawo daga rijiya a waccan ranar. Ya zauna daɓas a cikin garin da ya zube.

"Tun yaushe ka sani?"

Sada zai iya cewa kwanan nan aka yashe rijiyar, kuma ba ƙarya ya yi ba.

"Tun ranar," ya ce.

Na zaci Auta zai tashi ya shaƙe shi, kuma da ban raba ba. Bai tashi ba. Ya yi ta juya igiyar a hannunsa, hawaye na yanka hanya a cikin garin fuskarsa.

"Inna ta rasu tana cewa na yi ganganci," ya ce.

Wannan ba ta da gyara, ko a wuta ko da sanyi.

Mu uku muka dawo Daura bayan la'asar. Kabiru yana kan tabarmarsa a maƙera yana sassaƙa, wani ya taimaka masa ya haye yashin. Ya ɗago zai yi tsiya, sai ya ga wanda ke bayanmu, ya mai da kansa kan ƙotarsa. Sada ya durƙusa a gabansa, abin da bai taɓa yi ba, ya ɗora masa ƙugiyar a cinya. Karo na uku ke nan da na ji labarin daga bakinsa, kuma wannan ne ya fi gajarta. Kabiru ya san ƙarfe, ya zauna a maƙera shekaru. Ya bi wurin karayar da babban yatsa, ya sake bi. Ba wanda ya yi masa bayani.

Sannan ya ɗago.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Zo ka ɗora ni a keke."

Auta ya ɗauke shi cak ya zaunar, suna riƙe da juna fiye da yadda ɗorawar ke bukata. Da suka zo wurin yashi keken ya cije, Sada ya kai hannu kamar kullum, jikinsa ne ya kai shi.

"Bari, Malam Sada," in ji Kabiru. "Na gode."

Ban taɓa jin ya kira shi haka ba.

Auta ya dawo da iyalinsa Daura kafin damina. Yanzu a ƙofar gidansu Kabiru ke sassaƙa, Auta na ɗaure ƙotoci dami-dami yana kai wa kasuwa, kuma an fara zuwa nemansa in za a ɗaure kaya a mota. Kabiru ya yafe wa Sada. A gaban mutane ya faɗa, bayan sallar Juma'a, ya ce ya yafe duniya da lahira, kuma na yarda har zuciyarsa ya faɗa. In Sada ya bi ta ƙofarsu ya yi sallama, Kabiru yakan amsa masa cikakkiyar amsa, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, ya tambayi gajiya, ya yi masa fatan alheri. Gaisuwa ce mai kyau, irin wadda ake yi wa baƙon kirki.

Unguwa ta daina ba da misali da shi, wasu ma sun ɗauke aikinsu sun kai wani wuri. Wannan bai dame shi ba, har na ga kamar ya fi cin abinci. Na koma ɗiban wutata, muna zage-zagenmu, sai dai na ajiye sunan Waliyyi. Abu ɗaya ne ban iya tsokanarsa a kai ba. Kullum da safe, kafin ya hura wuta, sai ya share wurin nan na inuwa ya shimfiɗa tabarmar, kuma in keke ya wuce a titi, ko na mai sayar da ruwa ne, masabarsa takan tsaya a sama. Ni dai in na shigo da kaskona, zagaye tabarmar nake yi.